Yadda zaka raba firintarka da cin takarda, tun daga cire wadda ta maƙale har gano inda ciwon yake

Duk wanda ya taɓa riƙe shagon buga takardu ya san wannan lokacin, ɗalibai sun cika maka shago kowa da filashinsa a hannu, wannan furojet zai kai wa malaminsa kafin azahar wancan silif ɗin JAMB yake so, ka danna firint ka juya zaka karɓi kuɗin wani sai kaji ƙarrr ƙaƙas, shiru. Fitilar nan mai ruwan lemo ta fara ƙiftawa. Ka buɗe ka fizge takardar ka sake turawa, shafi uku ta kuma. Daga nan sai a fara tsine wa firinta ana cewa ai ta mutu a nemi wata.

Ni dai a shekarun da na yi ina wannan sana'a firintar da na gani ta mutu da gaske saboda cin takarda ba su da yawa. Yawanci abu uku ne, ko takardar ce ba ta da lafiya, ko robar da ke janta ta suɗe, ko kuma mu da hannunmu muka karya wani abu a ciki garin fizga. Kuma firinta ba ta ƙarya, inda takarda ta tsaya nan take nuna maka inda ciwon yake, matsalar dai mu ba ma tsayawa mu duba, saurin cirewa muke. Zan fi yin magana kan firintocin leza irin su HP LaserJet 1020 da P1102 da P2055 da Canon LBP2900 don su suka fi yawa a shagunanmu da ofisoshi, amma zan taɓo masu tawadar ruwa irin Epson L3110 daga baya.

Farko dai, cire wadda ta maƙale ba tare da ka yi ɓarna ba

Abu na farko ka soke aikin a kwamfuta, in ba haka ba kana rufe murfi zata ci gaba da jan wata takardar alhali baka gama dubawa ba. Sai ka kashe firintar ka zare wayarta daga soket. Kar ka ce ai na kashe makunni ya isa, zare wayar dan Allah. Sannan ka ba ta kamar minti goma zuwa sha biyar ta huce, saboda a cikin firintar leza akwai wani sashe da ake kira fuza, shi ne yake gasa garin tona, wato garin tawadar da take bugu da shi, ya manne a jikin takarda, zafinsa yana kaiwa wajen digiri 180 zuwa 200, ya ninka ruwan da ke tafasa kusan sau biyu. Akwai wani yaro da ya taɓa yi min aiki a shago, sabon zuwa, ya zura yatsa yana zungurar takarda firinta na gama aiki, sati guda yana yawo da bororo a yatsa.

Ta huce? Toh buɗe murfin ka ciro katirij ɗin tona gaba ɗaya. Mutane da yawa basa yin wannan, suna ta jan takarda tana danne a ƙarƙashin katirij. In ka ciro shi ka ajiye a kan tebur ka rufa masa takarda ko ƙyalle, domin koren sandan nan da ke jikinsa, wato dirom, baya son haske kuma baya son a taɓa shi da yatsa, in ya sha haske sosai zakaga bugunka ya fara fita da dishi-dishi. In firintarka mai tire ce da ake zarowa kamar P2055 ka zaro tiren duka ka ajiye gefe, in tana da ƙofar baya ka buɗe ta ita ma.

Yanzu kafin ka taɓa takardar tsaya ka kalle ta. A ina bakinta ya tsaya, a bakin tire ne, a ƙarƙashin inda katirij yake zama ne, ko ta shiga fuza, ko har ta leƙo waje? A miƙe take ko ta karkace gefe ɗaya, guda ɗaya ce ko biyu uku ne a manne? In ma da hali ɗauke ta hoto da waya. Wannan kallon na sakan goma shi zai hutar da kai kuɗin mai gyara, zamu dawo kansa.

Wajen cirewa kuwa, ka kama ta da hannu biyu, kusurwa da kusurwa, ka ja a hankali a miƙe ba tare da fizga ba, kamar mai zare ƙaya. In da yadda za a yi ka ja ta ta hanyar da dama take tafiya, wato in ta kusa fita ka ja ta waje, in kuma bata kai fuza ba ka ciro ta ta ciki inda ka cire katirij. Abin da ba a so shi ne takarda ta riga ta yi nisa kai kuma ka dawo da ita baya da ƙarfi ta bakin tire, nan ne ake karya ɗan harshen sensa, wanda ke gaya wa firinta inda takarda take, ko a fasa haƙorin giya. Wasu firintoci da manyan injinan fotokwafi suna da ƴan maɓallai koraye ko shuɗaye a kusa da fuza, in ka ɗaga su ko ka murɗa sai ya saki takardar, duk abin da kaga an yi masa wannan kalar a ciki alama ce cewa an yarda ka taɓa shi. In ka saki kar ka manta ka mayar.

Kar ka sa wuƙa, kar ka sa almakashi ko sukundireba ko reza. Fatar da ke jikin fuza a irin ƙananan HP da Canon ɗin nan wata siririyar leda ce, ɗan ƙarzane kaɗan ya isa ta fara yagewa, kuma daga ranar da ta yage kai da cin takarda kun ƙulla abota. In guntu ya maƙale can lungu kayi amfani da hantsaki mai bakin da ba kaifi, a hankali, kana haskawa da tocilar waya.

Ga wani abu da nake matsa wa yaran shagona a kai: in ka ciro takarda ka shimfiɗa ta a tebur ka ga ko ta cika. In akwai kusurwar da ta yage bata fito ba to tana ciki, kuma guntu kamar farcen yatsa ya isa ya sa kowace takarda ta biyo baya ta yi karo da shi. Da yawa daga firintocin da ake cewa kullum cikin jam suke, wato cin takarda, guntun jam ɗin jiya ne ke haddasa na yau. Garin tona da bai gasu ba zai ɓata maka hannu, ka wanke da ruwan sanyi, in ya taɓa riga ma ka kakkaɓe ka wanke da ruwan sanyi, ruwan zafi ko guga manne shi zasu yi har abada.

Ka mayar da katirij har kaji ya zauna ɗas, ka rufe duk ƙofofi da kyau, ka kunna. In kwamfuta ta ƙi sakin tsohon aikin yana nan a layi ya ƙi gogewa, a Windows ka danna maɓallin Windows da R ka rubuta services.msc, ka nemo Print Spooler ka tsayar da shi, ka shiga C:\Windows\System32\spool\PRINTERS ka goge abin da ke ciki, ka dawo ka tayar da shi. Shikenan.

Takarda, wadda ita ce babbar mai laifi

Kafin ka kwance ko da noti ɗaya yi wannan gwajin. Kwashe duk takardar da ke cikin tire, ka ɓare sabon rim wanda ba a taɓa buɗewa ba, mai nauyin giram 80 irin su Double A ko PaperOne ko Chamex, ka zuba kamar guda hamsin ka buga shafi ashirin. In duk sun wuce lafiya lau to firintarka ƙalau take, takardarka ce da matsala, kuma wallahi sau da yawa a nan zancen yake ƙarewa.

Mu nan yanayi biyu ne ke wahalar da takarda. Da damina, musamman watan Agusta, takarda tana shan laima daga iska kamar soso, in ka bar rim a buɗe ko ka ajiye katan a ƙasan siminti ko jingine da bango kwana biyu zakaji ta yi laushi, gefenta ya yi tudu da kwari. Irin wannan in ta shiga fuza ruwan jikinta ke tafasa, shi ya sa wani lokaci zakaga ɗan tururi na tashi daga saman firinta har mutum ya tsorata ya ce hayaƙi ne, sai takardar ta lanƙwashe ta naɗe a jikin fuza ko ta fito a yamutse. Maganinsa ka ɗora katan a kan katako ko kanta, kar ka ɓare rim sai zaka yi amfani da shi, ragowar ka mayar cikin ledarsa ka naɗe baki, ledar nan da muke yagawa mu yar an yi ta ne don ta tare danshi. Da yamma in zaka tashi kar ka bar takarda ta kwana a tire. Wasu masu fotokwafi suna da akwatin katako da suke sa ƙwan fitila mai ɗan ɗumi a ciki suna ajiye takarda, kuma yana aiki, ai wasu manyan injinan ma da ƴar hitarsu suke zuwa a ƙarƙashin tire don wannan dalilin. Kawai dai kar ƙwan ya taɓa takardar.

Da hunturu kuma labarin ya juya, iska ta bushe ƙayau, takardu su riƙa manne wa juna da irin wutar nan da ke ɗan jan mutum in ya taɓa ƙofar mota ko ya cire rigar sanyi. Sai firinta ta ja biyu ko uku a tare su cushe. Don haka kafin ka zuba ka kama bandir ɗin ka lanƙwasa shi gaba ka lanƙwasa baya, ka ɗan barbaza gefen iska ta shiga tsakani, sannan ka buga shi a kan tebur bakin ya daidaita.

Sai yawan da ake zubawa. P1102 da LBP2900 takarda 150 suke ɗauka, tiren P2055 kuma 250, amma sai kaga mutum ya danna rabin rim a ƙaramar firinta wai don kar ya riƙa tashi. Akwai layi ko ɗan alama a jikin tire, kar ka wuce shi, ni ma ƙasa da shi nake tsayawa. Kuma kar ka ƙara sabuwa a kan ragowar tsohuwa ana cikin bugu, bari ta ƙare ko ka kwashe ka haɗa su ka daidaita. Ƴan katangun nan na gefe da ake matsarwa, su taɓa takardar kawai, in ka matse sosai zata yi doro ta ƙi tafiya, in ka bar su a sake ta shiga a karkace ta daki gefe.

Takardar da aka riga aka buga a gefe ɗaya, na san dukkanmu muna sake amfani da ita don rim ya yi tsada, ban ce a daina ba amma a duba ta ɗaya bayan ɗaya. Fil ɗin sitefula guda ɗaya da ka manta ya isa ya yaga fatar fuza ko ya yi wa dirom zane mai fita a kowane shafi, kuɗin da ka tsimi a takarda ya tafi ninkin ba ninkin. Mai lanƙwasasshiyar kusurwa da wadda aka taɓa ninkewa a cire su. In kuma gaba da baya kake bugawa da hannu, bari shafukan su huce su miƙe tukuna kafin ka mayar.

Wani abin da mutane basa kula da shi, saitin girman takarda. Mu A4 muke amfani da ita, milimita 210 a faɗi 297 a tsawo, amma Word da yawa yana zuwa a kan Letter ta Amurka wadda ta fi faɗi kaɗan kuma ta fi gajarta, 216 da 279. Firinta tana lissafin lokacin da ya kamata bakin takarda da ƙarshenta su wuce sensa, in abin da aka faɗa mata daban abin da ta gani daban wasu sai su tsaya su nuna kuskure. Ka shiga saitin firinta ka mayar da shi A4 dindindin. Haka nauyin takarda, in kati zaka buga ko takardar satifiket mai kauri ka zaɓi Heavy ko Cardstock, hakan ke sa ta rage gudu ta daidaita zafi, ka riƙa sawa ɗaya-ɗaya ta tiren hannu, a P2055 ma ka buɗe ƙofar baya katin ya fita a miƙe ba sai ya yi kwana ba. Takardar hoto mai sheƙi ta firintar tawada kuwa ko kusa kar ta shiga leza, narkewa take ta liƙe a fuza. Haka sitikar da aka riga aka ɓare wasu daga jikinta.

In takarda lafiya take, koma kan inda take tsayawa

Ka tuna kallon nan da na ce kayi? Ga amfaninsa.

In firinta tana ta gurnani tana juyi amma takarda bata tashi daga tire ba, ko ta ɗan shiga kaɗan ta tsaya a baki, wannan rolar ɗauka ce, robar nan mai kaushi da ke saman takarda. Sabuwa in ka shafa zakaji tana kama yatsa, amma ƙurar hunturu da garin takarda suna liƙe mata har ta koma sulɓi tana sheƙi, sai ta riƙa zamewa a kan takarda kamar tayar da ta suɗe a kan laka. A 1020 da P1102 in ka cire katirij zaka hango ta a tsakiya, akwai ƴan fararen robobi guda biyu da ke riƙe da ita a gefe da gefe, ka buɗa su waje ka juyo rolar gabanka ta fito. Ka samu tsumma mai tsabta wanda baya zubar da zare, ka ɗan jiƙa da ruwa ko sifirit irin na kemis, ka goge ta sosai kana juyawa, zaka sha mamakin baƙin da zai fita. Ka bari ta bushe sarai ka mayar har kaji ƙas. Banda fetur, banda kananzir, banda man birki da wasu ke shafawa, duk suna cinye roba, ranar farko zata yi aiki kamar sabuwa bayan sati ta kumbura ko ta tsattsage.

In ka goge ta yi kwana biyu ta koma, to ta gama yayinta. Akwai dabarar da muke yi in aiki ya matse kuma babu sabuwa a kusa, a zare robar daga kan filastik ɗinta a juya ta yadda ɓangaren da bai suɗe ba zai dawo gaba, tana iya kai ka wani lokaci. Amma rolar nan tana cikin kaya mafi araha a jikin firinta, masu sayar da kayan firinta suna da ita, ka tafi da tsohuwar da lambar firintarka don kar a haɗa ka da wadda ba tata ba. Ni biyu nake saya in ajiye ɗaya a durowa.

In kuma matsalar jan biyu-biyu ce ko da sabon rim, to abokin aikin rolar ne ya gaji, wani ɗan faifan roba da ke ƙasa wanda aikinsa ya riƙe ta biyu ya bar ta sama kaɗai ta wuce, masu gyara suna ce masa fad. A P1102 ta ƙasan firintar ake kwance shi, noti biyu ne kawai. Shawarata in zaka canza rola ka canza su tare, tunda tare suka tsufa.

In takarda tana tsayawa a tsakiya, ƙarƙashin katirij, abu biyu nake fara zargi. Na ɗaya wani abu ya faɗa ciki. Abin da na ciro daga cikin firintoci a rayuwata, kilif, fil, murfin biro, robar ɗaure kuɗi, ɓawon gyaɗa, matattun kyankyasai, har busasshiyar tsaka na taɓa cirowa, don ɗumin ciki yana jawo su. Haska tocila ka bi hanyar takarda kaf. In kullum kusurwa ɗaya ce ke lanƙwashewa, ko takarda na fitowa da yaga a waje ɗaya, to abin yana daidai wannan layin. Na biyu katirij ɗin kansa, musamman in matsalar ta fara ne daga ranar da aka yi maka rifilin. Wani mai cika tona in ya kwance katirij baya mayar da shi daidai, sifirin ya fita ko murfin dirom baya buɗewa duka ko dirom ɗin ya yi tauri baya juyawa. Gwajin mai sauƙi ne, ari katirij irin naka wajen maƙwabci, 12A na 1020 ne, 85A na P1102, 05A na P2055, in da nasa ta wuce lafiya ka san wanda zaka koma wa.

Sai fuza, wanda shi ne mai cin kuɗi. Alamarsa takarda ta tattare ta yi ninki-ninki kamar zugazugin maƙeri a daidai bakinsa, ko ta naɗe a ciki baka ma ganinta, ko ta fito da tona yana gogewa a hannu, ko kaga ɓarɓashin leda mai ruwan toka yana biyo takarda, ko kaji ƙara kaf kaf kaf in tana juyawa. Kafin ka yanke hukunci ka tabbatar ba laima ba ce, kuma ba shafi ne mai baƙi ƙirin tun daga bakinsa ba, don hoto mai duhu da ya cika shafi ba tare da an bar fili a sama ba yana sa takarda ta manne wa fuza. In ba su ba ne to ko ledar ta yage ko robar da ke danna ta daga ƙasa ta saɓule. Gaskiya a nan nake cewa a kira mai gyara, ana canza ledar kaɗai ba sai an sayi fuza duka ba, amma akwai wani man shafawa na musamman mai jure zafi da ake sa mata, wanda ya sa giris ɗin mota ko ya sa ba mai, wata ɗaya ba zata yi ba. Ka tambaye shi wane mai zai sa kuma ya nuna maka tsohuwar da ya cire.

In kuwa takarda ta kusa fita ne take tsayawa, duba ƴan ƙananan rololin bakin fita ka goge su, kuma ka daina barin bugu ya taru a sama, in furojet mai shafi ɗari kake bugawa ka riƙa kwashewa. Masu bugun gaba da baya da kansu irin P2055dn suna da wata hanya ta ƙasa da takarda ke bi ta juyo, in ka zare tire akwai ɗan maɓalli da ke sakin farantin, guntaye suna son ɓuya a wajen kuma ba mai tunawa da shi.

Jam ɗin ƙarya

Wannan shi ya fi ɓata rai. Ka duba ko ina ba takarda, ka rufe, ta ce Paper Jam, a HP masu allo zakaga lamba mai farawa da 13. A hanyar takarda akwai ƴan harsuna baƙaƙe na filastik, takarda in ta zo sai ta kwantar da su, in ta wuce sifirin ya tayar da su, da haka firinta ke sanin inda takarda take. In ɗaya ya maƙale a kwance, ko guntun takarda ya danne shi, ko sifirin ɗinsa ya fita garin fizga, firinta zata rantse akwai takarda a ciki. Ka neme su, yawanci akwai ɗaya bayan rolar ɗauka ɗaya kuma a wajen fita daga fuza, ka taɓa kowanne da yatsa, lafiyayye zai kwanta ya tashi da kansa tsam. Wanda ya yi nauyi ka hura masa iska ka share ƙurar da buroshi mai laushi. In ya karye sai canji. Wani lokacin ma ba sensa ba ce, ƙofar baya ce bata rufu duka ba, ka buɗe ka sake bugawa da ɗan ƙarfi.

Masu tawadar ruwa

Epson L3110 da ƴan uwanta ba su da fuza, don haka ba maganar ƙuna, amma tunda ta sama ta baya ake zuba musu takarda bakin a buɗe yake kamar mazurari, duk abin da ya faɗo daga kanta ciki yake zuwa. In ta fara jan takarda a karkace kashe ta ka haska ramin, sau da yawa zaka samu biro ko tsabar wani abu. Takarda 100 take ɗauka, kar ka wuce. Wajen ciro takarda ka kiyayi wata siririyar leda mai haske da ta bi ta bayan kan da ke zirga-zirga yana fesa tawada, da ita yake gane inda yake, in ka tuɓe ta ko ka shafa mata tawada sai kan ya riƙa dukan gefe firinta ta nuna jam alhali ba takarda. In ta yi datti a goge a hankali da ƙyalle mai ɗan danshi. Kuma in ba a aiki a rufe bakin.

Wuta da ƙura

In aka ɗauke wuta ana tsakiyar bugu dole takarda ta tsaya a ciki, wannan ba laifin firinta ba ne, ka bi matakan farko ka cire kafin a tayar da janareta. Abin da ya fi damuna shi ne wuta mara ƙarfi, firintar leza tana jan wuta sosai lokacin da fuza ke ɗaukar zafi, in ƙaramin janareta ne ga firiji ga fanka a kai sai kaji ya yi nishi, injin da ke jan takarda a firinta ya rage gudu takarda ta makara isa sensa. Kar ka haɗa leza da ƙaramin UPS na kwamfuta, ba zai ɗauka ba, sitabilaiza mai ƙarfi ya fi mata, kuma in za a sauya daga wutar gari zuwa janareta a bari ta gama shafin da take kai.

Ni duk ranar Asabar kafin in buɗe shago nake zare wayar, in cire katirij da tire, in share ciki da busasshen ƙyalle da ɗan buroshin fenti, in goge rolar ɗauka, da hunturu kuwa sau biyu a sati. Ban cika son bulowa mai ƙarfi ba don tana tura garin tona cikin madubin leza ne kawai, kuma baƙar rolar soso da ke ƙarƙashin katirij ba a taɓa ta da hannu ko ruwa. In an tashi a rufa wa firinta ƙyalle bayan ta huce, a hana cin gyaɗa da biskit a kanta. A jikin bango kusa da kowace firinta na liƙa ƴar takarda, duk wanda ta ci wa takarda ya rubuta kwanan wata da inda ta tsaya, baki ko tsakiya ko fuza ko waje, in na ga waje ɗaya ya fito sau uku a sati sai in san abin da zan saya ko abin da zan faɗa wa mai gyara tun a waya, ya taho da kayan a jakarsa.